Neman shawara: in faɗa musu gaskiyar abin da ya faru a Boston a 1721 ko in tsallake?

Ɗalibar kiwon lafiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema musamman daga malamai da ma'aikatan lafiya. Ni ɗaliba ce, an ba mu aiki kowa zai je ya yi wa iyaye mata bayani a asibitin sha-ka-tafi ranar allurar yara, ni aka ce in taɓo tarihin rigakafi. Sai na ɗauko labarin cutar agana, wato 'yan rani, da ta faɗa wa garin Boston na Amurka a 1721, saboda wanda ya koya musu dabarar kariya bawa ne ɗan Afirka mai suna Onesimus, na ga abin zai yi wa matan daɗi. To amma da na ci gaba da karatu sai na ga waɗanda suka yaƙi abin ba jahilai ba ne duka, likita ne ma a kan gaba, kuma akwai waɗanda suka mutu bayan an yi musu. Yanzu in na faɗi wannan a gaban matan da dama can wasu da ƙyar mazansu suka bar su suka fito, ina tsoron in ƙara musu tsoro, in kuma na ɓoye zuciyata ba za ta kwanta ba. Ya zan yi?

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai ki gane abin da ake yi a lokacin, don ba allura ba ce irin ta yanzu. Ruwan ƙurjin mai agana ake ɗebowa, a yi wa mai lafiya 'yar tsaga a hannu a shafa masa. Ainihin cutar ce fa ake sa masa, sai dai yawanci takan zo da sauƙi, ya yi zazzaɓi, ƙuraje kaɗan su fito, ya warke, shi ke nan ba zai sake yi ba har abada. Onesimus ya nuna wa ubangidansa, wani limamin coci Cotton Mather, tabon da ke hannunsa ya ce a ƙasarsu haka ake yi.

Da cutar ta shigo da jirgin ruwa a watan Afrilu, Mather ya rubuta wa likitocin garin, mutum ɗaya ne tak ya amsa, Zabdiel Boylston. Ranar 26 ga Yuni ya fara da ɗan cikinsa mai shekara 6 da bayinsa biyu. Gari ya ɗauka. William Douglass, wanda shi kaɗai ne mai digirin likita na jami'a a Boston, ya ce wannan ganganci ne, ba a gwada ba, kuma wanda aka yi wa zai iya shafa wa maƙwabta tunda cutar gaske ce a jikinsa. Wannan maganar tasa ta shafa wa maƙwabta gaskiya ce, kada ki bari kowa ya ce miki ba haka ba. Amma ya haɗa da raini, wai yaya za a ɗauki maganar baƙaƙen bayi a harkar magani. Shi kuma Mather mutane ba su manta da sunansa a shari'ar mayu ta Salem a 1692 ba, don haka ba kowa ne ke yarda da shi ba. Abin ya kai a watan Nuwamba wani ya jefa gurneti cikin gidansa ta taga, Allah Ya sa bai tashi ba.

Abin da ya raba gardama lissafi ne. Garin mutum wajen 11,000 ne, kusan 5,900 suka kamu, 844 suka mutu, kin ga wajen mutum 1 cikin 7 ke nan. Boylston ya yi wa mutum 240 da 'yan kai, 6 suka mutu, wajen 1 cikin 40. Ni shawarata ki faɗi duka biyun, lambobin nan su za su yi miki aikin.

Baban 'yan biyu:
Malam da girmamawa ni ban yarda ba. Kun taɓa zuwa ranar allura kuwa? Yara na ta tsala kuka, mata na sauri su koma su ɗora girki, wata rabin maganar kawai za ta ji. Abin da za ta kai gida shi ne "yau ma'aikaciyar asibiti da bakinta ta ce mutum shida sun mutu saboda rigakafi", ba za ta tuna 844 ba wallahi. Kuma maigida dama abin da yake jira ke nan. 'Yar uwa ki ba da labarin bawan kawai, ki ce daga Afirka dabarar ta je musu, ki wuce. Sauran ki bar shi a aji.

Nas mai ritaya:
Baban 'yan biyu maganarka tana kan hanya ta wani gefen, amma na daɗe a aikin nan, abin da ya fi ɓata mana aiki shi ne a ce wa uwa "babu abin da zai faru", ta koma gida yaro ya kwana da zazzaɓi cinya ta kumbura. Ba za ki sake ganinta ba, kuma sai ta hana kishiyarta da maƙwabciyarta. Wadda kuwa aka gaya wa tun farko cewa jikinsa zai ɗan yi zafi kwana ɗaya ko biyu, ga abin da za ki yi, ita ce ke dawowa da katinta. Yanzu kuma kowa da waya a hannu, in kika ɓoye wani zai tono ya turo a WhatsApp da nasa ƙarin gishirin.

'Yata abin da za ki kula da shi shi ne kada matan su ɗauka abin da aka yi a 1721 shi ake yi yau. Wancan cutar ce da ƙarfinta ake sa wa mutum, shi ya sa take kisa wani lokaci kuma take yaɗuwa, har a Faransa majalisar shari'a ta Paris ta hana yin sa a cikin birni a 1763. Sai a 1796 Edward Jenner a Ingila ya ɗebo daga ƙurjin da masu tatsar nono ke ɗauka a jikin shanu, ya sa wa wani yaro ɗan shekara 8, aka ga yana kare mutum daga agana ba tare da an sa masa aganar ba. Tsoron da Douglass ke ji na yaɗuwa nan aka magance shi. To ki faɗa musu haka, cewa ƙorafin masu ƙorafi na gaskiya an saurara an gyara. Kuma ko shi Jenner bai tsira ba, har zane aka yi a 1802 ana nuna waɗanda aka yi wa, shanu na tsirowa a jikinsu.

Malamin Islamiyya:
Bari in sa baki ta ɓangaren addini tunda shi ne za a fi tare ki da shi. A Landan a 1722 wani limamin coci Edmund Massey ya yi huɗuba guda a kan cewa wannan aikin zunubi ne, wai cuta jarrabawa ce ko horo daga Ubangiji, mutum ba shi da ikon tare ta, har ya ce ƙurajen Annabi Ayuba Shaiɗan ne ya yi masa irin wannan tsagar. Kin ga a gari ɗaya limami ne ke kiran mutane su yi, a wani garin limami ne ke hanawa, littafinsu ɗaya. Mu a wajenmu an riga an amsa wannan. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. In wata ta ce miki ai komai nufin Allah ne, kada ki yi mata musu, ki ce haka ne, sannan ki ba ta labarin Umar.

Hajiya kaka:
Jikata ce ke rubuta min. 'Yan nan ku ba ku ga agana ba shi ya sa. Mu ko sunanta ba a so a kama, sai a ce wane ya yi ado. Yayata ta yi, ƙuraje har tafin hannu da tafin ƙafa har cikin baki, ko ruwa ba ta iya haɗiya, zani in ya manne a jikinta sai an jiƙa kafin a cire. Ta tashi amma ido ɗaya ya tafi, fuska duk rami-rami har ta koma ga Allah. Da 'yan lamba, masu rigakafin agana, suka zo garinmu da wata na'ura kamar bindiga ana takawa da ƙafa, mai unguwa ya sa aka yi shela, amma wasu iyayen cikin rumbu suka ɓoye 'ya'yansu, wasu suka gudu gona. Mu babanmu da kansa ya jera mu ya ce ya ga abin da ta yi wa 'yarsa. Lambar tana nan a damtsena. Ki nemi tsohuwa mai lamba a cikin matan ko wadda ta rako jika, ki ce ta ɗaga hannun riga su gani.

Malamin tarihi:
Hajiya Allah Ya ƙara lafiya, wannan aikin da kika gani shi ne gangamin da aka fara a Afirka ta Yamma a 1967, kuma zuwa 1970 an daina ganin cutar a Najeriya. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta haka kawai a cikin jama'a wani mai dafa abinci ne a asibitin garin Marka na Somaliya a 1977, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da an gama da ita a 1980. Ƙanwata akwai kuma wani da zai yi miki amfani. Jaridar da ta fi caccakar Mather a 1721 ta James Franklin ce, ƙaninsa Benjamin Franklin, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin kafa ƙasar Amurka, yana yaron shago a wurin. A 1736 agana ta kashe ɗan Benjamin mai shekara 4 wanda ba a yi wa ba, kuma ya rubuta da hannunsa cewa ya daɗe yana nadama, yana jan hankalin iyayen da ke jinkiri.

Ɗalibar kiwon lafiya:
Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Ga yadda na tsara, ku duba min. Zan fara da tambayar ko akwai mai lamba a hannu kamar yadda Hajiya ta ce, sai labarin Onesimus, sai in ce mutanen garin sun ji tsoro kuma tsoron nasu da dalili don hanyar da ake bi a da tana da haɗari. Saboda maganar Baban 'yan biyu ba zan ce "shida" ita kaɗai ba, zan ce cikin mutum 40 da suka ɗauki cutar haka kawai wajen 6 ke mutuwa, cikin 40 da aka yi wa tsaga 1 ne, sannan nan take in ce yanzu ba a yin wannan hanyar kwata-kwata. Mama nas, maganar zazzaɓin bayan allura kafin tarihin zan yi ta ko bayansa?

Nas mai ritaya:
Bayansa, dab da za a fara kiran layi, don ita ce za su tafi da ita gida. Ki gaya musu su ci gaba da ba da nono, kada su shafa komai a wurin allurar, in zazzaɓin ya wuce kwana biyu ko yaro ya ƙi kama nono su dawo da shi asibiti. Kuma ki rage tarihin ya zama minti biyar, in ya wuce haka yaran ba za su bar ki ki ƙarasa ba.