Yawon kwana uku a bakin Gulbin Rima: Wurno zan nufa ko Argungu?

Baban Hafsat, Runjin Sambo

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya. 'Ya'yan yayana maza biyu za su zo mana hutun ƙarshen shekara daga Kaduna. Sakkwatawa ne a baki kawai, abin da suka sani na garin nan bai wuce gidan kakarsu da kilishi ba. Babban yana ajin ƙarshe na sakandare, ya haddace shekarun jihadi tsaf saboda jarrabawa, 1804, 1808, 1817, amma a zatonsa su Wurno da Sifawa sunaye ne na cikin littafi, ba garuruwan da mutum zai shiga mota ya je ba.

Shirina shi ne in bi gulbi da su. Ranar farko mu yi cikin gari, Hubbaren Shehu da ƙofar fada. Rana ta biyu mu kama hanyar Achida mu je Wurno, mu zarce madatsar ruwa ta Goronyo, in hali ya yi har kufan Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir. Rana ta uku mu ɓullo ta Rabah su ga mahaifar Sardauna. To sai wani abokin aikina ya ce in manta da gabas gaba ɗaya, in bi ruwan inda ya gangara, wato Argungu. Motata tsohuwar Corolla ce, ba ta son rami, kuma da 'yata Hafsat za mu, shekararta tara. Waɗanda suka bi hanyoyin nan kwanan nan, me kuka gani? A ina za mu kwana? Kuma Surame, kufan tsohon birnin Kabi, ana iya zuwa da ƙaramar mota?

Direban Layin Achida

Wa alaikumus salam. Malam, wanga layi shi nika bi kullum, don haka ka ji gaskiya. Alkalawa cire ta daga lissahi. Ƙasar Sabon Birni ta, kuma kowa ya san halin da gabascin jihar ga ke ciki da ɓarayin daji. Mu da muke neman abinci bisa hanyar ma sai mun tambayi juna da sahe kahin mu ɗau fasinja, balle kai da ɗiyan mutane cikin mota. Goronyo ma ban ce ka tai ba.

Wurno kusa ta, ba ta cika awa guda daga tasha. In za ka, tai da hantsi, ka yi ziyara, ka yi azahar, ka juyo. Kada la'asar ta ishe ka can. Kuma daren da za ka tahi ka kira wani ɗan garin ka ji labari, don labarin makon jiya ba ya yi ma aikin yau. Kwana kuwa ka kwana gidanka, duk wuraren ga jeka-ka-dawo na.

Malamin Tarihi, Gidan Igwai

Direba ya gama magana kan tsaro, ba ni da abin ƙarawa. Ni inda zan sa baki shi ne tsarin. Malam, ka tara wurare da yawa. Yaro in ka kai shi kufai shida a kwana uku, hotuna kawai zai koma da su. Gara ka nuna musu abu ɗaya su gane shi, su ga dalilin da ya sa duk manyan garuruwan ƙasar nan suka jeru a gefen fadama guda.

Kafin ma ku shiga Hubbare, fita da su da sassafe ta hanyar jami'a, ku tsaya wajen gadar Kwalkwalawa. Ku sauka daga mota su juya su dubi gari. Daga nan ne mutum yake ganin Sakkwato a kan tudu take, fadama shimfiɗe a ƙasanta. Muhammadu Bello da ya kafa garin a 1809 ba da ka ya zaɓi wurin ba. Nan kusa Gulbin Sakkwato da Gulbin Rima suke haɗuwa, ga ruwa rani da damina, ga ciyawar dawaki da shanu, ga ƙasar shinkafa, sannan da damina fadamar kan cika ta tare duk rundunar da za ta taso daga arewa. Lokacin Shehu yana Sifawa, sai 1815 ya dawo Sakkwato, ya rasu 1817. In ka faɗa wa babban yaron wannan yana tsaye yana kallon tudun, shekarun da ya haddace za su zauna masa daram.

A Disamba kuma fadamar tana cikin kyanta. Ruwa ya ja baya, an dasa albasa da tafarnuwa da tumatir, ko'ina ƙarar injin ban-ruwa. Tsofaffin wurin sun yi zamanin jigo, ka sa yaran su gaishe da ɗaya daga cikinsu su tambaye shi yadda ake yi. Ka kuma tambaye shi ambaliyar 2010, wadda ta yanke wannan hanyar har jami'a ta rabu da gari. Ba wanda ya kai shekara talatin a Dundaye ko Kwalkwalawa da ba shi da labarinta.

Wurno kuwa ni ina ganin ta cancanci rana guda in hanya ta yi kyau. Ribaɗi ne Bello ya gina, wato garin tsaron iyaka, don ya tare Gobirawa da ba su daina yaƙi ba ko bayan faɗuwar Alkalawa a 1808. Ya bar Sakkwato da daɗinta ya je ya zauna can, can ya rasu a 1837, can hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba ma ya fi zama Wurno, shi ya sa Bajamushen nan Barth da ya zo 1853 a Wurno ya yi zamansa. Mutane da yawa ba su san cewa an daɗe ana mulkin daular daga garuruwa biyu ba. Shi ma garin a kan tudu yake yana kallon Rima, tsari ɗaya da Sakkwato, sai yaran su kwatanta da idonsu. In kun isa ku fara zuwa ƙofar Sarkin Sudan ku yi gaisuwa, a haɗa ku da wanda zai zaga da ku. Shiga garin sarauta kai tsaye da waya a hannu ana ɗaukar hoto ba tarbiyya ba ce.

Madatsar Goronyo ba sai sun je ba, ka ba su labari. An gama ta 1984, tana iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, kuma ruwan da suke gani yana gudu a Kwalkwalawa tsakiyar rani, da wanda ake tacewa a turo mana a famfo, yawancinsa daga can ake sako shi. Kafin ita da ta Bakolori, ambaliyar shekara-shekara ce take shayar da fadama ta bar mata taki. Manoma har yau ra'ayinsu ya rabu kan ko an ci riba ko an faɗi. Wannan muhawara ce mai kyau ga ɗan ajin ƙarshe, ta fi masa haddar sunayen sarakuna.

Cikin gari kada ka tsallake gidan tarihi na Waziri Junaidu. Ka je ranar aiki, da safe. Sannan ka bi da su Giginya, inda aka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris 1903 zamanin Sarkin Musulmi Attahiru. Ba wani abin kallo ne ya rage ba, gari ya cinye wurin, amma su taka ƙasar.

Inna Ta Kanwuri

Ɗana, duk sun yi ta lissafa maka mazaje, an manta da Hafsat. In kun shiga Hubbare ka ce a nuna mata inda Nana Asma'u take kwance, kusa da mahaifinta. Ka gaya mata wannan baiwar Allah da Fillanci da Hausa da Larabci take rubutu, kuma ita ta tsara 'yan taru, matan da ke jagorantarsu, waɗanda ake kira jaji, suna tasowa daga ƙauyuka da malfa a ka, su karɓi karatu su koma su koyar da mata a cikin gidajensu. Ta rasu 1864 amma har yau akwai masu riƙe da wannan hanya. Ka sa mata hijabinta, ku cire takalma inda aka ce, ka riƙe canji a aljihu don masu hidimar wurin da mabarata, kuma ka hana samarin nan ɗaga waya sai sun nemi izini. Kada ku je ranar Juma'a, cika take yi da baƙi har daga Nijar, yarinya ba za ta ga komai ba sai bayan mutane.

Abinci kuma ku tafi da naku. A dama fura tun daga gida a zuba a kula, a soya nama. Yaran birni cikinsu ba ya ɗaukar ruwan ko'ina. Da rigunan sanyi, iskar fadama da asuba a hunturu ba wasa ba ce.

Abu na ƙarshe, don Allah kada ka bari su ja ka shiga jirgin fito don nishaɗi. Mun sha jin yadda jirage ke kifewa da mutane a gulbin nan saboda lodi ya yi yawa, ba kuma mai rigar kariya. Su kalla daga gaɓa.

Bakabe Ɗan Matan Fada

Malamin Tarihi, Allah ya ƙara sani, amma ka yi irin ta Sakkwatawa, ka fara tarihin gulbi daga 1804. Shekara kusan ɗari uku kafin nan Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya na Songhai ya kafa Kabi a bakin wannan ruwan dai, ya gina Surame da ganuwar dutse. In yaran nan ba su ji wannan ɓangaren ba, rabin labari aka ba su.

Baban Hafsat, abokin aikinka ya fi ka gaskiya. Ka zo Argungu. Kilomita ɗari ne ko kusa da haka, kwalta ce har gari. Ka tsaya Sifawa a kan hanya, tana ƙasar Boɗinga, su ga inda Shehu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato, minti talatin ya isa. Kana isowa ka wuce gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fada ce, sarakuna sun zauna cikinta har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958, kuma kaburburan sarakunan Kabi suna ciki. Akwai sulke da masu da kwari da baka da tambura, ga kayan su iri-iri. A nan za su ji yadda Abdullahi na Gwandu ya ci Birnin Kabi a 1805, da yadda Yakubu Nabame ya tayar a 1849, Kabawa suka riƙe kansu har zuwan Turawa. A Sakkwato tawaye za a ce musu, a nan ƙwatar 'yanci. Su ji duka biyun, su yi hukunci da kansu.

Daga nan ku gangara Matan Fada. Bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakaninmu da ku, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Amma kada yaran su zo da tsammanin ganin dubban mutane da gora da homa cikin ruwa. Wancan sai wajen Fabrairu ko Maris, a shekarar da aka yi shi. Sauran lokaci an hana su a wurin don kifi ya girma, ruwa ne kwance shiru. Ni a wurina lokacin ya fi daɗin zuwa, ka samu masunci ya zauna ya nuna musu yadda ake kwanciya a kan gora.

Surame kuwa, ko da yake raina na so, ban ba ka shawara ba. Cikin daji take wajen Binji da Silame, hanyar ba ta Corolla ba ce, kuma yammacin ma yanzu ba a shiga dajinsa sai da ɗan gari da sanin hakimi. Ka bar ta sai wani zuwan.

Malamin Tarihi, Gidan Igwai

Na karɓi gyara, Bakabe. Sai dai ka faɗa musu da kanka cewa ba mu muka kore ku daga Surame ba, kun bar ta tun kafin a haifi Shehu.

Baban Hafsat, Runjin Sambo

Allah ya saka wa kowa da alheri. Inna, na gode, an ɗauki maganar jirgi, uwarsu ma ba za ta yafe mini ba. Ga yadda na gyara: ranar farko Kwalkwalawa da sassafe, sai Hubbare da gidan Waziri Junaidu. Rana ta biyu Sifawa da Argungu, mu juyo bayan azahar. Wurno na bar ta rana ta uku, in na kira na ji lafiya mu je, in ba haka ba mu zaga ƙofofin gari, Ƙofar Kware da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke, mu ƙare a wajen madunka su sayi takalman fata. Alkalawa da Goronyo da Rabah na cire. Bakabe, kifin da ake sayarwa a bakin hanya can, wanne zan saya wanda zai iso Sakkwato bai lalace ba?

Bakabe Ɗan Matan Fada

Busasshe ko bandararre za ka saya, tarwaɗa ta fi jure hanya. Ka karya ɗaya ka duba cikinsa kafin a ƙulla ciniki, kuma kuɗin da aka fara faɗa maka ba shi ne kuɗin ba, sun ga lambar motar Sakkwato. Ɗanye kuwa sai dai a soya muku ku ci a nan.

Direban Layin Achida

Ka cika tanki tun cikin gari, kuma ka duba safayar taya da jak kahin ranar. In hazo ya sauka da sahe, jira rana ta ɗaga sannan ka kama hanya, don manyan motoci ba su ganin ƙaramar mota cikin ƙura.