Doki ya wuce ciki, keke ya tsaya a bakin allo

Sani Feda: Salam jama'a, ina da ƙorafi kuma yau sai an yi ta. Ranar Asabar na hau duwatsun nan na yammacin birnin Denba a Amurka da kekena, tun asuba nake taka feda har cinyoyina na rawa, ina isa wata mararraba sai ga allon katako wai daga nan keɓaɓɓen daji ya fara, ga hoton keke an ja masa jan layi. Na tsaya ina shan ruwa kenan sai ga wasu mutum shida a kan dawaki da alfadari biyu niƙi-niƙi da kaya, suka ɗaga min hannu suka shige abinsu, kofato ya dama hanyar ta koma kamar kunu ga kashi tuli-tuli. Ni da kekena da bai kai kilo 15 ba ni ne mai ɓarna, dokin da ya doshi kilo 500 shi ne ɗan gida. Ni dai abin da na ce, duk abin da ƙarfin mutum ke turawa a bar shi ya shiga, hana keke son kai ne kawai

Barista: Wa alaikumus salam. Sani ba mai allon ne ya ƙirƙiro ba, doka ce. Wilderness Act, dokar keɓaɓɓun dazuka ta Amurka, shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu ranar 3 ga Satumba 1964. Ta hana mota da babur da jirgin ruwa mai inji, sannan ta ƙara da cewa da duk wani nau'in sufuri na na'ura. Keke yana da kaca yana da giya yana da birki, in ba na'ura ba ne to mene ne?

Sani Feda: Yauwa Barista na gode da ka kawo kanka. A 1964 akwai keken hawa dutse? Babu. Sai a shekarun 1970 samarin gundumar Marin a Kalifoniya suka fara gangarowa daga duwatsu da tsofaffin kekuna. Kuma a 1966 ita kanta hukumar gandun daji da ta fassara kalmar cewa ta yi abin da ake nufi shi ne wanda ƙarfin da ba na mai rai ba ke turawa. Ni mai rai ne ko gawa? Sai 1984 suka tsayar da magana suka rufe ƙofa bayan sun ga masu keke sun fara yawa

Barista: Wannan ka yi gaskiya, fassarar 1966 haka take, ba zan yi maka musu ba. Amma ka duba, dokar ta riga ta lissafa masu inji ɗaya bayan ɗaya, to me ya sa aka ƙara waccan jimlar in ba ana nufin wani abu daban da ba shi da inji ba? Majalisa ba ta zuba kalma a banza

Ɗan Zariya: Ikon Allah. Mu nan ana neman wanda zai iya ratsa daji ya fito lafiya ku can kuna rigimar keke da doki 😂

Maman Ilham: Ɗan Zariya bar su, ni ina da abin faɗa. Yaya Sani kai lissafin nauyi kake yi ni kuma gudu nake ji. Bara muna tafiya da yara a wata turba da aka yarda da keke, siririya ce mutum ɗaya take ci, gefe dutse gefe kwazazzabo, muna shan kwana kawai sai ga mutum ya gangaro kamar an harbo shi, wlh ƙarar birkinsa na fara ji kafin in gan shi, na fizgo Ilham muka manne da dutse, ya ce a yi haƙuri ya wuce. Bai yi laifi ba fa, hanyarsa ce. Amma tun daga nan har muka koma mota kunnena na baya, ban ƙara jin kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Shi ya sa nake son a ce akwai wurin da in na shiga na san ba abin da zai zo min da gudun da ya wuce na ƙafa

Sani Feda: Allah ya kiyaye gaba Maman Ilham, amma mahayi ɗaya mara hankali ba zai ja wa kowa ba. Kuma maganar ɓarna an auna, wani bincike da aka yi a Montana a 1994 ya nuna doki ya fi keke tone ƙasa. Sannan shanu na kiwo a cikin wasu dazukan nan saboda dokar ta bar kiwon da ta tarar, a dajin Frank Church na Aidaho har ƙananan jiragen sama na sauka. Jirgi fa! Laifi tudu ne

Kawu Bala: To yaro na ji ka, bari tsoho ya sa baki. Ni na yi aikin sa kai na gyaran turba a irin dajin nan. Wata rana muka tarar da itace ya faɗi ya tare hanya, kaurinsa ya kai ƙuguna, injin yanka zai gama da shi kafin ka sha shayi amma an hana inji, sai zarto irin na da mai hannu biyu, ni a nan wani bature a can, ja in ja tun hantsi har azahar, muna buga wejin ƙarfe kar itacen ya cije zarton, tafin hannuna duk ya yi kanta. Ko baro ba a yarda mu tura ba, maharbi ma in ya kashe barewa a kafaɗa ko a doki zai fito da naman. Da farko na ce wannan wace irin wahalar banza ce. Daga baya na gane wahalar ita ce katangar wurin. Inda mai ƙafa zai kwana biyu kafin ya kai, kai kana iya zuwa ka dawo ka ci tuwon dare a gida, to ka ga tsakiyar dajin ya matso bakin titi kenan. Namun da suka gudu can ciki don su huta da mu ina za su ƙara gudu?

Sani Feda: Kawu ranka ya daɗe ban ƙi taka ba, amma doki ma ai yana rage nisa

Kawu Bala: Yana ragewa. Mutum nawa ke da doki, mutum nawa ke da keke? Kuma doki na jin warin dabba ya toge, keke ba ya jin komai. A 2016 kusa da gandun Glacier a Montana wani jami'in daji yana gudu a keke ya sha kwana ya yi karo da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, ta kashe shi. Mutumin da ya san daji kamar tafin hannunsa

Hajiya Turai: Ni tambaya gare ni, mai keken guragu fa? Shi ma taya ce

Barista: An cire shi daga hanin Hajiya. Dokar naƙasassu ta 1990 ta faɗa ƙarara mai keken guragu na da damar shiga, sai dai ba a tilasta wa hukuma ta gyara masa hanya ba

Sani Feda: Kun gani ko, ashe taya ba haram ba ce. Kuma ku daina cewa muna da sauran wurare, na san keɓaɓɓen dajin wajen kashi 5 cikin 100 ne na ƙasar Amurka kuma fiye da rabi yana Alaska, amma daga eka miliyan 9 aka fara yanzu ya haura miliyan 111, kullum ci yake. Abin da ke mana ciwo shi ne hanyar da ka shekara ashirin kana hawa kana gyarawa da hannunka rana ɗaya a ce ta zama haramtacciya. Haka aka yi a Boulder-White Clouds na Aidaho a 2015, Obama ya sa hannu masu keke suka rasa hanyoyin Ants Basin da Castle Divide. Yanzu duk lokacin da aka ce za a keɓe sabon daji mu da ya kamata mu yi murna sai gabanmu ya faɗi

Maman Ilham: Wannan kam na tausaya, gsky ba daɗi. Da a ce tun wajen shata iyaka ake zagaye irin hanyoyin nan a bar muku da rigimar ta ragu

Barista: Ana yin hakan wani lokacin, kuma ni nan na fi karkata. Abin da ba na so shi ne a taɓa uwar dokar. Sanata Mike Lee na Yuta ya kawo ƙudiri a 2016 wai a bar jami'in kowane daji ya yanke, ɗan majalisar wakilai Tom McClintock ya kawo nasa a 2017 har ya tsallake kwamiti, babu wanda ya zama doka. IMBA ma, babbar ƙungiyar masu keken dutse, ba ta goyi bayan na McClintock ba. Kuma shi Lee ɗin ne a 2025 ya nemi a sayar da wasu filayen gwamnatin tarayya sai da aka yi masa ca ya janye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, yau keken feda gobe mai batir, kuma daga nesa wane jami'i ne zai bambance su?

Sani Feda: Wato don wanda ya kawo maganar ba ku yarda da shi ba shikenan maganar ta zama ƙarya? Ni ban ce a buɗe ko'ina ba, a zaɓi hanyoyi, a sa ranaku, yau masu ƙafa gobe masu keke. Mai batir kuma ni ma ban yarda ba

Kawu Bala: Asabar mai zuwa akwai aikin turba, ka ajiye keken a bakin allo ka zo ka kama min ɗaya hannun zarton, in mun fito sai ka sake faɗa min ra'ayinka

Sani Feda: Zan zo Kawu amma ra'ayi na nan daram. Kuma in muka tarar da kashin doki a hanya kai za ka kwashe

Ɗan Zariya: Keken da za a ajiye a bakin allon, nawa ne kuɗin aiko shi Zariya?