Kunnen Gari: Musayar Baitoci Kan Leƙen Asiri

Ɗan Wurno:
Salama gare ku. Sun Tzu, masanin dabarun yaƙi na ƙasar Sin, ya kasa 'yan leƙen asiri gida 5, sama da shekara 2,000 ke nan. Baba Sufeto, ga tawa:

Kafin a ja daga, in ji shi,
Sai ka sayi kunne cikin gari.
Na farko ɗan ƙasa ne, talaka,
Ya san lungu, ya san wuri.
Na biyu yana fadar maƙiyi,
Na uku nasu ne, ka juye shi da alheri.
Na huɗu ka ɗora mashi ƙarya ya kai,
Na biyar ya je ya dawo da labari.
Baba, wanne kuka riƙe a caji ofis?
Ko jiniya kuka iya da sintiri?

Baba Sufeto Mai Ritaya:
Kai yaro, shekara 35 na yi da ɗamara. Saurara:

Na farkon nan shi ne tuwonmu,
Mai shayi, ɗan kabu-kabu, mai gishiri.
Ran kasuwa in sa tsohuwar riga,
In ga wa ya sayi burodi ɗari,
Wa ya cika jarka goma da fetur,
Alhali ko babur bai da shi a gari.
Wanga kaya daji za shi, ɗana,
Bi sawunsa a hankali, ban da sauri.
Na huɗun ko ba namu ba ne,
Ɗan sanda ba ya aika mutum kabari.
Soja wurin harbi yake nema,
Mu shaidar kotu ce babban buri.

'Yar Rabah:
Baba, a gafarce ni, ina da ƙorafi.

Kawuna ya kai magana da dare,
Ya ce don Allah a rufa mai asiri.
Kwana biyu sai waya daga daji,
Sun faɗi kalar hularsa a sarari.
Yau gonarsa ta zama ciyawa,
Yana Sakkwato yana dakon buhun gari.
Infoman ɓarayi ya ci ya ƙoshi,
Namu ko ruwa babu, balle tukwicin alheri.

Ɗan Wurno:
Ayya, Yaya, Allah shi kyauta. Sun Tzu ma ya ce in sirri ya fita kafin lokaci, kisa ne ga ɗan leƙen da wanda ya gaya wa.

A 2021 aka yanke sabis ɗin waya a jihar Sakkwato,
Ƙananan hukumomi 14 shiru kamar kabari.
An toshe bakin infoman ɓarayi,
An haɗa da na mai neman agaji cikin haɗari.

Baba Sufeto Mai Ritaya:

'Yata, ban da bakin musu,
Ɓera na cikin rumbu tun fari.
Ni sunan mai ba ni ban rubuta ba,
Ko abokin aikina bai san shi ba a sarari.
Gaya min, su nawa ne a ɗakin
Daren da kawunki ya kai labari?