Waɗanda sistoci suka taɓa zuwa jinya a gidansu, ku ba mu labari

Maman 'Yan Biyu: Salama a gare ku, 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan surukata tana kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Fadanmu, wato limamin cocinmu, ya ce zai yi wa sistocin Waliyyi Vincent de Paul magana su riƙa leƙo mu, wato matan zuhudu na cocin Katolika waɗanda ake kira Daughters of Charity. Na amsa masa da baki, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Kunya nake ji baƙuwa ta shigo ta ga yadda ɗakin yake, ga wari, ga ni na gaji har na fara ɗaga wa tsohuwar murya. Don Allah wanda suka taɓa shiga gidansa ya gaya mini gaskiya, me suke yi idan sun zo?

Autar Baba: Yaya, ki buɗe musu ƙofa, kada ma ki tsaya gyaran ɗaki. Mahaifinmu ya yi shekara biyu a kwance, kuma lokacin da sista ta fara zuwa gyambon kwanciya ya riga ya fito masa a ƙugu. Na ɗauka addu'a za ta yi ta tafi. Tana gama gaishe shi sai ta naɗe hannun riga, ta ce in kawo ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta. Ita ta koya mini juya shi duk bayan awa biyu, da sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, da miƙar da zanin gado don kada ya tattare a ƙarƙashinsa, domin ƙullin zani kaɗai yana iya cin fatar wanda ba ya motsi. Ta nuna mini yadda zan ɗaga shi zaune kafin in ba shi abinci, kada ya ƙware. Sai da aka gama duk wannan, Baba ya yi fes, sannan ta tambaye shi ko yana so a yi addu'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da Baba take magana, ba da mu ba. Mu mun saba tsayawa a kansa muna cewa “bai ci ba”, “bai yi barci ba”, kamar ba ya nan. Ita kuwa takan durƙusa daidai fuskarsa ta ce, “Baba, zan juya ka yanzu, ka yarda?” ta jira har ya ƙifta ido. Ranar da na lura da haka na shiga ɗaki na yi kuka sosai.

Malamin Lissafi: Ni Musulmi ne, amma ina da abin faɗi a nan. Mahaifiyata ta yi fama da ciwon suga har ƙafarta ta yi rauni, sistoci biyu suka riƙa zuwa wanke mata ciwon sau uku a mako. Da farko na sa ido sosai, ina jiran ranar da za a kawo maganar addini. Har ta warke ba a kawo ba. Idan lokacin salla ya yi sukan dakata, ɗayarsu ma ita ke gyara mata zama. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba su zo ganin asirin gidan kowa ba.

Wadda ta taɓa zama da su: Na yi kusan shekara tare da su kafin na gane ba kirana ba ne, na dawo gida lafiya, har yau muna zumunci. Maman 'Yan Biyu, shiga gidaje ba wani ƙarin aiki ba ne a wurinsu, don shi aka kafa su. A ranar 29 ga Nuwamba 1633 Louise de Marillac ta tara 'yan matan ƙauye kaɗan a gidanta a birnin Faris, tare da shawarar Fada Vincent de Paul. A zamanin nan duk macen da ta ɗauki wa'adin zuhudu na dindindin kulle ake yi mata a gidan ibada, ba ta fita. Vincent ya ga cewa idan aka kulle su, wa zai kai wa majinyaci magani a ɗakinsa? Shi ya sa ya koya musu cewa gidan ibadarsu shi ne gidajen marasa lafiya, harabarsu kuma titunan gari.

Wannan ne dalilin da har yau wa'adinsu na shekara-shekara ne. Kowace 25 ga Maris, ranar idin albishir ga Maryamu, suke sabunta shi. Bayan talauci da tsarkin jiki da biyayya, suna da na huɗu, wato hidimar matalauta. Na ga wata tsohuwar sista da ta haura shekara hamsin a ciki tana shirin wannan rana da zumuɗi kamar sabuwar shiga.

Labarin da aka fi maimaita mana shi ne na Marguerite Naseau, makiyayiyar shanu da ta koya wa kanta karatu tana tambayar masu wucewa sunayen haruffa. Ta kwantar da wata mai cutar annoba a gadonta, ta kamu, ta rasu a farkon 1633, watanni kafin a kafa ƙungiyar. Ita Vincent ya ɗauka ta farko a cikinsu. Akwai kuma koyarwar da na fi ƙauna: idan sista tana cikin addu'a aka buga ƙofa cewa majinyaci yana bukatarta, ta tashi ta tafi ba tare da damuwa ba, domin ta bar Allah ne ta tafi wurin Allah.

Baba Katikis: 'Yata ta faɗi daidai. In ƙara da cewa ba jinya kaɗai ba ce. Tun zamanin Louise suke renon jariran da aka yar, suna koyar da 'ya'yan talakawa mata, suna ziyartar fursunoni. Ko ƙungiyar Vincent de Paul ta 'yan majami'a da aka kafa a 1833, wata sista ce, Rosalie Rendu, ta nuna wa waɗanda suka kafa ta, Frédéric Ozanam da abokansa ɗalibai, gidajen da za su shiga da yadda ake gaishe da matalauci cikin mutunci. 'Yata Maman 'Yan Biyu, ki kuma roƙe su su shirya da Fada a riƙa kawo wa Mama tarayya mai tsarki, wato Jibin Ubangiji.

Tsohuwar Nas: Bari in faɗi ɓangaren da ke da zafi, don kada ki shiga da dogon buri. Ba za su ɗauke miki jinyar ba. Su kaɗan ne, gidajen da ke jiransu da yawa, wata rana minti arba'in kawai za ki samu. Kuma ba sa maye gurbin likita. Wadda ta kula da mijina, da ta ga fitsarinsa ya canza ga zazzaɓi, cewa ta yi a tafi asibiti a ranar, ba ta yarda mu jira gobe ba.

Sannan ana yi musu canjin wuri. Mun shaƙu da ita ƙwarai, rana ɗaya ta zo sallama, an tura ta wani gari. Mijina ya ƙi cin abinci kwana biyu. Na ce mata ba za ki roƙa a bar ki ba? Idonta ya cika da hawaye, amma ta ce wa'adin biyayya ta ɗauka. Ta kawo wadda za ta gaje ta har bakin gado, ta bayyana mata komai, har da gefen da ya fi son kwanciya. Na daɗe ban huce ba, duk da haka ban ga laifinta ba. Shawarata, duk abin da suka yi ki tsaya ki koya da hannunki, ki sa maigidanki ma ya koya.

Maman 'Yan Biyu: Na gode muku duka, Allah ya saka. Sun zo jiya, su biyu. Ban gyara komai ba, kamar yadda ƙanwata ta ce. Babbar ta duba bayan Mama ta ga wuri ɗaya ya fara ja, ta ce mun yi sa'a fatar ba ta fashe ba, ta sa na juya ta da hannuna sau biyu tana kallo. Da na rako su waje na gaya mata maganar ɗaga murya, abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni yaushe rabona da barcin dare cikakke, na kasa tunawa. Nan take ta sa aka kira maigida, suka tsara cewa shi da ƙanensa za su karɓi dare uku a mako. Za su dawo ranar Alhamis. Mama Nas, wane irin mai ya fi dacewa a shafa a wurin da ya yi jan, ko a bar shi haka?