Subcomponent na Dagger da Hausa: ɗa ne ko reshe?

Jama'a masu rubuta manhajar Android, a zo mu tsayar da magana ɗaya kan wannan kalma ta subcomponent a Dagger, wato kayan aikin da ke haɗa wa sassan manhaja abubuwan da suke buƙata, don kowa da yadda yake faɗinta, wani ya ce ƙaramin ɓangare, wani ɗan komponen, wani kuma sabkomponen kawai ya wuce abinsa.

Ni dai reshe nake cewa, shi kuma babban komponen ɗin, wato abin da ke tanadar kayan yana raba su, uwa, kamar dai yadda muke cewa uwar ƙungiya da rassanta. Reshe yana iya ɗaukar duk abin da uwa ta tanada, ita kuwa uwa ba ta ganin abin da ke cikin reshe. Haka Dagger 2 yake tun da Google suka fitar da shi a 2015.

Wani ɗan'uwa ya ce a'a, ɗa ya fi, tunda ai uwa muka ce. Malam na ji ka, amma dubi fi'ilin da zai biyo baya. In ka ce ɗa sai ka ce an haife shi, to yaushe? Nan ne masu koyo ke ruɗewa, don lokuta biyu ne daban.

Na farko lokacin haɗa manhaja, kafin ta taɓa hawa waya. Dagger ya karanta alamar @Subcomponent ya rubuta kod ɗin da kansa, kuma ba fayil ɗinsa daban yake ba shi ba, cikin ajin (class) uwa yake cusa shi, shi ya sa in ka je neman aji mai suna da ya fara da Dagger na reshe ba za ka gani ba, na uwa ne kaɗai ke samun wannan suna. Wannan mataki mu ce an tsara reshe. Yana nan a rubuce, bai ci memori na kayansa ba tukuna.

Na biyu sai manhaja tana aiki, kai da hannunka ka kira create() ko build() ta hannun uwa. Wannan shi ne buɗe reshe. Ka kira sau biyu, rassa biyu ka buɗe, kowanne da nasa kayan, Dagger ba ya ajiye maka na farkon. Misali mutum ya shiga asusunsa ka buɗe masa reshe, ya fita ka saki abin da ke riƙe da shi, memori ta share shi. A Hilt ma, wanda aka gina a kan Dagger, haka ne, sai dai shi yake buɗe maka, na Activity (shafin manhaja) a onCreate, ya tafi a onDestroy.

Wata 'yar'uwa ta ce ai reshe masu Git, manhajar adana tarihin kod, sun riga sun ɗauka don fassara branch. Gaskiyarki, to in ana gudun ruɗani a ce reshen uwa, ko reshen Dagger.

Saura scope. Wasu na cewa iyaka, ni na fi son wa'adi tunda tsawon rayuwar abu ake nufi, kuma reshe ba ya ɗaukar wa'adi iri ɗaya da na uwarsa, Dagger zai ƙi haɗa manhajar ma. Mai wata kalmar ya kawo.