Kwamfutoci 30 a kulle a makarantarmu, kuma wai za a kawo sababbi

Malamin_Lissafi:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah ina da tambaya, ta daɗe tana cin raina. Ni malamin sakandare ne a nan jihar Gombe, ba sai na faɗi wace makaranta ba. Muna da wani ɗaki da yara ke kira ɗakin sanyi saboda shi kaɗai ne mai na'urar sanyaya ɗaki a duk makarantar. Yau shekara shida kenan da aka zuba mana kwamfuta 30 a ciki, aka yi biki da masu kalangu aka yanka kirtani aka ɗau hotuna, muka yi zango biyu muna amfani da su sai batiran solar suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta takarda aka sake rubutawa shiru, yanzu makullin yana aljihun mataimakin shugaban makaranta, ranar da na leƙa na tarar ɓeraye sun gaigaye wayoyin ƙasa, zanzaro kuma ya yi gini a bayan allon gaba. Yaran da za su rubuta JAMB a gari suke zuwa su biya kuɗi a koya musu riƙe linzamin kwamfuta, alhali ga su nan a kulle taku ashirin daga ajinsu.

To shekaranjiya sai ga magana wai an sa mu a jerin makarantun da za a kawo wa sababbi. Ni kam maimakon murna sai gabana ya faɗi.

Tambayata ita ce, tunda kowa ya san halin da ake ciki, an cire tallafin mai tun Mayun 2023, mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 a 2024, ga bashi ga fansho, in gwamnati tana da ɗan abin da za ta kashe a harkar kwamfuta da intanet ɗin nan, ina ya kamata ta fara sa shi? Ba siyasa nake so a kawo mun ba don Allah, masu sani su yi mana bayani.

Tsohon_Akawu:

Wa alaikumus salam Malam. Ni shekara 33 na yi a ɓangaren kuɗi a Bauchi kafin na ajiye, har da lokacin da Gombe ba ta fita daga cikinmu ba, kafin 1996, don haka bari na faɗa maka ta inda na fi sani.

Wanda tulunsa ke yoyo ba ya fara sayen sabon guga. Gwamnatin da ba ta da kuɗi, kwamfutar farko da za ta saya ita ce wadda za ta toshe inda kuɗi ke zurarewa, kuma wurare biyu ne manya: takardar albashi da wajen karɓar haraji. Ka duba tarayya. Da aka haɗa sunayen masu albashi da lambar BVN, a farkon 2016 ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta sanar an cire sunaye sama da 23,000 na bogi, kuɗin da ya haura naira biliyan 2 duk wata. Ba wata sabuwar na'ura mai tsada aka kawo ba fa, BVN ɗin bankuna sun riga sun yi ta tun 2014, kawai an ɗauko jeri biyu ne aka aza su gefe da gefe sai aka ga mutum ɗaya yana karɓar albashi da suna huɗu. Haka asusun bai ɗaya, TSA, da aka tilasta a 2015, kafin nan kowace ma'aikata da asusunta barkatai a bankuna, har gwamnati ta ci bashi da ruwa daga bankin da kuɗinta ke kwance a ciki ba ta sani ba.

Wajen haraji kuwa ni ganau ne. A zamaninmu akwai mai karɓar kuɗin kasuwa da yake yawo da littafin rasit biyu, ɗaya na gwamnati ɗaya na aljihunsa, bugun maɗaba'a ɗaya, tambari iri ɗaya, in ba ka bi lambobin ba har abada ba za ka gane ba. Ranar kasuwa zai yanka ashirin a na gwamnati ya yanka tamanin a nasa. Da zarar ka ce a biya ta banki ko ta POS kuɗi ya tafi kai tsaye, wannan littafi na biyun ya mutu.

Bankin Duniya ma da ya kawo shirin SFTAS wa jihohi a 2018, dala miliyan 750 ya fara warewa, kuma bai ce ga kuɗi ku je ku sayi kaya ba, cewa ya yi ku wallafa kasafinku a intanet, ku haɗa albashi da BVN da hoton yatsa, ku buɗe asusun bai ɗaya, in an duba an ga kun yi sai a biya ku. Wato sai ka yi aikin a ba ka. Ni a ganina da haka ake ba 'yan kwangilar kwamfuta aiki da an huta.

Na uku filaye. Ku a Gombe kuna da GOGIS, hukumar da ke rajistar filaye a kwamfuta, Kaduna na da KADGIS, Abuja ta riga kowa da AGIS. Fili in ya shiga kwamfuta da taswirarsa ya yi wuya a sayar wa mutum uku, kuma kuɗin ƙasa na shigowa duk shekara. Irin waɗannan su ke ciyar da kansu har su ciyar da ɗakin sanyinku.

Ɗan_Tumfure:

Baba Akawu Allah ya ƙara girma, maganarka dutse, amma ka yi haƙuri zan ɗan ja da kai a wuri ɗaya. Manhajar albashi ba waliyyiya ba ce, mutum ne ke zaune a gabanta, in wanda ke da makullin shiga shi ne ɓarawon to ka sauƙaƙa masa aiki ne ma, da sai ya yi jabun sa hannu goma yanzu danna ɗaya ne. Kuma in aka yi ta ba a tambayi masu amfani da ita ba rigima ake saya, dubi shekarun da ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta yi tana faɗa da IPPIS, manhajar albashin gwamnatin tarayya, har a ƙarshen 2023 gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga ciki.

Ni aikina kenan, haɗa sabis da gyaran kwamfuta, kuma abin da na ga yana kashe ayyukan nan shi ne kowa farashin saye yake kallo ba mai kallon na riƙo. Manhajoji da yawa haya ake biya duk shekara kuma da dala. Wanda ya sa hannu a kwangila lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Yunin 2023, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, kasafinsa na naira bai motsa ba, to me zai yi? sai ya daina biya, lasisi ya ƙare, allo ya kulle, a koma fayil da igiya. Wani abin takaicin ma ɗan kwangila ya rubuta maka manhaja ya riƙe asalin rubutunta da kalmar sirri a wajensa, bayanan ma'aikatanka gaba ɗaya suna hannunsa, ranar da kuka ɓata ko gwamnati ta canza sai ya naɗe tabarmarsa da komai. Dole a rubuta a kwangila tun farko cewa bayanan da asalin rubutun na gwamnati ne, kuma a zaunar da yaran jiha su koya kafin a biya shi kason ƙarshe. Muna da masu digirin kwamfuta daga ATBU da jami'ar jihar Gombe da ta Kashere suna zaman kashe wando, wasu suna ƙarƙashin lema suna POS.

Sannan akwai jarin da ba ya cin ko kwabo, shi na fi so a gane. Kamfanin waya in zai binne wayar faiba, wato wayar da ke ɗauko intanet mai sauri, a gefen titi sai ya biya jiha kuɗin hanya kan kowace mita. Tun 2013 aka yi matsaya a kan naira 145, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai, kamfani ya lissafa ya ga ba riba ya tsaya a babban birni. A 2020 lokacin ɗan garinmu Pantami yana minista aka matsa, Ekiti ta sauko 145, Kaduna ta yafe gaba ɗaya, Kwara ta mai da shi naira 1 kan kilomita. Gwamna bai cire komai a baitulmali ba, sa hannu kawai ya yi, kamfani ya kawo nasa kuɗin. In faiba ta bi ta Dukku ko Nafada ko Talasse, makarantar da asibitin da ke bakin hanyar duk sun samu.

Kuma ba dole kowace ma'aikata ta gina ɗakin sabarta, wato na manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, da janaretonta ba, wannan almubazzaranci ne. Estoniya ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ba su kai rabin jihar Gombe ba ma, abin da suka yi tun 2001 shi ne hanya ɗaya da ma'aikatu ke musayar bayanai, in ka ba gwamnati sunanka da ranar haihuwarka sau ɗaya ba a sake tambayarka. Mu nan fa? yatsa a NIN, yatsa a banki, yatsa a katin zaɓe, yatsa a lasisin tuƙi, kowanne da kwangilarsa.

Maman_Ikram:

Ƙanena Ɗan_Tumfure ka taɓo mun inda yake mun ƙaiƙayi wlh. Ni a ƙaramin asibiti nake aiki, ɓangaren awo da rigakafi. A durowata yanzu haka kwamfutar hannu uku ce, kowacce wata ƙungiya ce ta kawo da manhajarta, ta rigakafi daban ta masu ciki daban ta magani daban, kuma ba wadda ke magana da 'yar uwarta, sannan babban rajistan takarda yana nan ba a soke shi ba. Mace ɗaya ta zo awo sai na rubuta sunanta sau uku, layi har bakin ƙofa, yara na kuka, wata ta taso tun asuba a kan mashin daga ƙauye tana harara ta tana zaton waya nake latsawa. Datar ma sau da yawa daga aljihuna, ga shi an ƙara kuɗinta da kashi 50 a farkon 2025.

Kuma kowa ya manta da wuta. A 2024 da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe makonni muka yi a duhu, kwamfutocin nan uku a leda nake ƙulla su na ba yaro ya kai shagon caji tare da wayoyin unguwa. Da za a tambaye ni, a ba ni sola mai kyau da wanda zai zo duba batir duk bayan wata uku, a bar mun na'ura ɗaya tak, a kuma yi abin da ke aiki ko ba sabis ya tura in sabis ya dawo. Matan da ke zuwa wajena yawancinsu ƙaramar waya ce a hannunsu, rakani kashi, saƙon tes da zai tuna mata ranar allurar ɗanta ya fi mata duk wani shafin intanet.

Bolari_Kai_Tsaye:

Ku dai kuna ta wahalar da bakinku. Kun taɓa ganin an kira 'yan jarida an yanka kirtani don an canza batir? Gyara ba shi da hoto kuma kason da ke cikinsa kaɗan ne, shi ya sa. Kyamarorin tsaro na Abuja fa, kwangilar dala miliyan 470 tun 2010, yawancin kuɗin bashi ne daga China, ku je ku tambayi mutanen Abuja ɓarawo nawa suka kama. Malam ka karɓi sababbin ka jera su kan tsofaffin.

Tsohon_Akawu:

Ɗan_Tumfure ɗana na karɓi gyara, haka ne, shi ya sa wanda ke shigar da suna bai kamata ya zama shi ke amincewa da biya ba, kuma na'urar ta riƙa ajiye sawun duk wanda ya taɓa ta. Zan ƙara da abin da ya same ni da kaina. Da aka kira mu tantancewar fansho, wani dattijo da ke gabana wanda ya koma noma bayan ritaya ya ɗora yatsa ya fi sau goma na'ura ta ƙi, fartanya ta cinye zanen, yaron da ke wajen ya ce ya goga a goshinsa ya sake, ya goga ya sake, ƙarshe aka ce ya dawo wani satin, mutumin da kuɗin motar ma rance ya yi. A takarda za a rubuta shi cikin na bogi da aka kama, a lissafa shi cikin kuɗin da aka ceto. Duk inda za a sa na'ura a bar ƙofa ɗaya da ɗan Adam zai duba da idonsa.

Shi kuma na Bolari bai yi ƙarya ba duk da zafin bakinsa. A kasafi saye yana ɓangaren manyan ayyuka, gyara yana cikin kuɗin gudanarwa, kuma in wata ya yi tsanani kuɗin gudanarwa ake fara yankewa bayan an biya albashi. Maganinsa a cusa kuɗin riƙo na shekara uku ko biyar cikin kwangilar tun farko, ko da hakan zai sa a sayi 15 maimakon 30.

Malamin_Lissafi:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka. Maganar Ɗan_Tumfure ta sa na tuna JAMB ɗin kanta tun da ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 ba ita ta sayi duka na'urorin ba, cibiyoyin makarantu da na 'yan kasuwa take tantancewa ta biya su kan kowane ɗalibi, in naka ya lalace kai ka sani.

Yau da aka tashi na roƙi makullin, na jawo waya daga janareton ofis ni da wani tsohon ɗalibina mai gyara muka gwada su ɗaya bayan ɗaya. 19 sun kama. Shida ya ce ƙaramin gyara ne, biyar kam sun tafi. Ya yi mun lissafin batir da wayoyi a bayan takardar jarrabawa, zan kai wa shugaban makaranta gobe ko zai yarda mu rubuta a ce a ba mu wannan a maimakon sababbin, ko da yake ya riga ya ce mun ba a mayar da kyautar gwamnati. Ɗan_Tumfure in kana shigowa ta Kumo ka taɓa ni ta akwatin saƙo ka duba mana inbatar solar, wani ƙara take yi kamar tana tafasa.