Me za mu kira "damping" da Hausa?

1/ Jama'a, akwai kalmar da nake so mu tsayar a harkar kayan ƙafar mota. Sifirin mun san shi, bushin mun san shi, shokozoba ma ta zauna a bakin kowane bakanike, kuma ba ni da niyyar taɓa su. Abin da ba shi da suna shi ne aikin da shokozoba take yi, wanda Turawa suke kira "damping". Rashin sunan nan yana sa mutane sayen abin da ba shi suke buƙata ba.

2/ Bari in kafa misali da Mazda MX-5 ta farko, wadda Amurkawa suke kira Miata. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Chikago a 1989, aka ci gaba da ƙera ta a Hiroshima har 1997. Ƙaramar mota ce mai kujeru biyu, nauyinta wajen tan ɗaya. Ko ta ƙarshen fitowa a cikinsu ta haura shekara 25, saboda haka duk mai ita zai zo kan maganar sauya kayan ƙafa, ya iske kasuwa cike da shokozoba na kamfanoni irin su Koni na Holan, Bilstein da KW na Jamus, Tein na Japan, Öhlins na Suwidin.

3/ Sifirin ne yake ɗaukar nauyin mota, shi ne kuma yake karɓar bugun rami. Amma in aka bar shi shi kaɗai, ya lotsa ya miƙe, ya sake lotsawa, motar ta yi ta rausaya. A cikin shokozoba akwai fistin da yake ratsa mai, man yana matsewa ta ƙananan ƙofofi da siraran faya-fayan ƙarfe. Wannan matsewa ita take cinye ƙarfin motsin, ta mayar da shi zafi. Shi ya sa shokozoba take ɗumi bayan tafiya a hanya mai gargada. Tirjiyarta kuwa tana ƙaruwa ne da saurin motsin fistin: in ka tura a hankali ta bi, in ka fizga ta ƙi.

4/ Don haka ban yarda a fassara "damping" da "shanye girgiza" ba, domin aikin sifirin ne aka jingina wa shokozoba. "Tauri" ya fi ɓatarwa. Tauri na sifirin ne, ana auna shi da nauyin da zai lotsa shi zuwa wani tsawo. Mutum ya murɗa maɓallin shokozoba ya ce ya ƙara wa mota tauri, alhali nauyin da take ɗauka bai canza ba. "Tausasawa" kuma rabin gaskiya ce, don wani lokaci ƙarin wannan aiki sa motar yake ta yi tsauri a jiki.

5/ Ni dai ina ba da shawarar "lafarwa". Muna cewa ƙura ta lafa, iska ta lafa, wuta ta lafa: abu ne da ya tashi da ƙarfi, ya yi ta raguwa har ya kwanta, ba wai an tare shi farat ɗaya ba. Haka motsin sifirin yake mutuwa. Na so in fitar da sunan na'urar daga wannan tushe, sai na ga zai faɗa kan malafa, wadda tuni take da ma'anarta. To a bar shokozoba da sunanta, a ce aikinta lafarwa.

6/ Lafarwa iri biyu ce. Akwai ta lokacin da taya ya hau tudu sifirin ya matse, wato lafarwar lotsawa. Akwai ta lokacin da sifirin yake komawa tsawonsa, wato lafarwar miƙewa. Koni Sport, mai launin rawaya, maɓallinta na lafarwar miƙewa ne. Masu tsada irin KW V3 suna ba ka damar saita kowacce daban.

7/ Ga yadda kalmar za ta yi aiki a gareji. In lafarwar miƙewa ta yi kaɗan, bayan kowane tudu motar za ta yi sama ta dawo sau biyu ko uku kafin ta natsu. In ta yi yawa, sifirin ba zai gama miƙewa ba kafin tudu na gaba ya iso, sai motar ta riƙa nutsewa kaɗan-kaɗan har ta zauna kan robar tsayawa, wato robar da take tare ƙafa in ta kai ƙarshen lotsawa, direba ya ji duka a ƙugunsa. A Miata wannan yana saurin faruwa, musamman a baya, don tazarar motsin ƙafarta ba ta da yawa, kuma wanda ya sauke motar ƙasa sosai don kwalliya ya ƙara cinye ɗan abin da ya rage. Irin wannan mutum zai ce sifirin ya yi tauri, ya je ya sayo mai laushi, matsalar ta ƙaru. Da yana da kalmar, da ya ce wa bakanike: "Maigida, rage min lafarwar miƙewa ta baya, a ɗan ɗaga motar."

8/ Kafin saitin ma, a sauya tsofaffin bushin da suka tsattsage, a yi alaimen bayan duk wani canjin tsayi. Sannan a murɗa kaɗan-kaɗan, gaba daban baya daban, ana gwadawa a hanya ɗaya.

9/ Inda nake son jin ra'ayinku shi ne "miƙewa". Wasu za su fi son "dawowa", amma taya da ya faɗa rami ma sifirin miƙewa yake, ba daga lotsawa ya dawo ba, shi ya sa na zaɓi ta farko. Malaman Hausa, ku duba mana ginin kalmar. Bakanikanmu na Maraɗi da Damagaram, da kuka koyi sana'ar da kalmomin Faransanci, me kuke ce wa wannan aiki a garejinku?